Mutumin da Ya Hana Ɗan Direba Juyawa

Malamin tuƙin jirgin sama ya koya wa ɗan tsohon direba saɓa wa maganar ubansa. Ɗan ya saɓa, ya kuma rayu. Malamin nan zai ajiye aiki ƙarshen watan nan, shi ya sa aka ɗauki alƙalami. Mu tsofaffin direbobin manyan motoci ba mu iya yabo ba, ba mu kuma saba yi ba. Amma abin da ido ya gani, dole a faɗe shi.

Kyaftin ake ce masa a ƙaramar makarantar koyon tuƙin jirgi da ke bayan gari. In ya ba da baya, ɗalibai Hanci-ƙasa suke kiransa. Kullum yakan riga kowa isowa. Zai ajiye tsohuwar motarsa gefen rumfar jirage, ya cire takalmin ofis, ya zura na roba. Ba ya kallon jirgi tukuna. Sai ya bi titin jirgi da ƙafa har ƙarshe, ya buɗe ƙaramar ƙofar shinge, ya faɗa gonakin mutane. Yana duba wa ya haƙa rami jiya, wa ya kafa turke, wa ya jibge bulo, ina ruwa ya kwanta, ina aka ja sabuwar wayar lantarki. In ya dawo, laka har ƙwauri.

"Manomi ya dawo," in ji sauran malamai. "Kyaftin, yaya amfanin gona?"

"Gonar hagu ta jiƙe," yakan ce. "Yau in inji ya mutu, a ta dama za a sauka."

Iyakar amsar ke nan. Ba ya dariya, ba ya fushi.

Sabon ɗalibi ba ya taɓa jirgi sai ya taka gonakin nan tare da shi. Wasu sukan zo da farin wando da tabarau, su koma gida kamar an tono su. Kafin kowane tashi kuma, jirgi na tsaye a bakin titi, farfela na juyawa, sai ɗalibi ya faɗi kalmomin nan da babbar murya: "In inji ya mutu ina kusa da ƙasa, hanci ƙasa. Gaba zan sauka. Ba zan juya ba." Wanda ya faɗa da wasa, Kyaftin ya kashe inji, kowa ya sauka. Wanda ya faɗa da gaske, ba shi da tabbas ma. Suna cikin hawa sai Kyaftin ya miƙa hannu ya janye totur, inji ya rage ƙarfi ba sanarwa, ya naɗe hannuwa, ya zuba ido ya ga abin da ɗalibi zai yi.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa, ko ga wanda bai yi boko ba. Jirgin koyo inji ɗaya gare shi. Da ya bar ƙasa, hancinsa na sama, gudunsa kaɗan ne, tsayin da ya yi ma kaɗan ne. In inji ya ɗauke a nan, ɗan gudun da ke riƙe da shi tsiyayewa yake nan take. Zuciya sai ta ce ai titi na nan baya, shimfiɗe, mai kwalta. Amma kwana tana cin tsayi. Matuƙi ya ga ƙasa na tasowa, ya ja hanci sama don ya kai, iska ta saki fiffike, jirgi ya kife. Maigadin makarantar ya ga haka da idonsa tun yana da baƙin gashi. Wanda ke cikin jirgin aminin Kyaftin ne, tare suka yi karatu. Maigadi ya ce washegari Kyaftin ya sayi takalmin roba. Bai taɓa jin ya ambaci ranar ba.

To, sai tsohon direba.

Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan sitiyari. Bai taɓa kifar da kaya ba, bai taɓa kwana a daji saboda sakaci ba. Doka ɗaya gare shi, duk wanda ya zauna kusa da shi ya haddace ta: in inji ya sauya murya kana kusa da gida, ka juya. Gaba daji ne, baya gareji. Autansa a cikin babbar motar uban ya fara tafiya, yana dafa kujera. Tun bai kai ya hango hanya ba uban yake ɗora masa tafin hannu a kan murfin inji, ya ce, "Saurara. Me ya ce maka?" Gingimarin motar tana nan har yau a tsakar gida, an rufe ta da tamfal. Duk mako tsoho yakan tashe ta, ya bar ta ta yi zafi, ya kashe. Auta yake ajiye wa. Auta kuwa ya girma, ya yi aure, ya ɗaga kai sama ya ce jirgi yake so.

Tsoho bai hana ba. Girman kai bai bar shi ya roƙa ba. Amma tun daga lokacin abinci ya daina yi masa daɗi, domin ba a buɗe kwano a gidan sai an ambaci mutum ɗaya. Kyaftin ya ce kaza. Kyaftin ba ya son kaza. Rannan har bakin auta ya suɓuce ya ce Baba Kyaftin.

Tsoho ya ajiye cokali. "A gidan nan an taɓa yin wani mai magana kafin a haifi Kyaftin?"

"Baban yara, ci abincinka," in ji uwar gida. "Mutumin nan bai san ma kana yi ba."

"Shi ne ai. Ko sani bai yi ba."

Ranar da auta ya kawo zancen kalmomin da suke faɗa kafin tashi, tsoho ya dube shi kamar ya ce rana daga yamma take fitowa.

"Wane irin malami ne zai ce ka bar titi mai kwalta a bayanka, ka faɗa gonar mutane?"

"Baba, sama ba hanya ba ce. Can ba a fakin."

"Inji inji ne. Na saurari inji tun malaminka yana rarrafe."

"Ai ban ce ba ka sani ba, Baba."

"Ka ce. Da ladabi ka ce."

Da auta ya fara tashi shi kaɗai, ba malami a gefe, sai ya matsa wa iyayen su zo su gani. Uwar ta yi kwalliya. Tsoho ya ce ba shi da lokaci, amma shi ya riga kowa shiga mota. A bakin shinge ya kama dantsen ɗansa, ya rage murya.

"In ya yi tari, ka juyo. Ni na haife ka."

Auta ya yi murmushi. Ya wuce wurin Kyaftin. Tsoho na kallo suka zagaya jirgin, suka tsiyayi ɗan mai a kwalba suka ɗaga wa haske, suka girgiza fiffike. Ya ga yadda ɗansa ke sunkuyar da kai in mutumin na magana. Rabon da a sunkuyar masa da kai haka, ya manta. Kyaftin ya rufe ƙofar jirgi, ya buga ta da tafin hannu, ya dawo bakin shinge da ƙaramin rediyo a hannu. Suka gaisa da tsoho gaisuwar da ba ta kai zuci ba, aƙalla a ɓangare ɗaya.

Jirgi ya ɗiba da gudu, ya bar ƙasa, ya haye shinge, ya wuce kan itatuwan farko. Uwar na tafi. Tsoho ne ya fara ji. Wani ɗan ƙaiƙayi a muryar injin, kamar mai son yin kaki. Ya dafa shinge. Sai inji ya yi tari, ya ɗauke, ya dawo da rabin ƙarfi, ya sake ɗaukewa.

"Juyo!" Tsoho ya cire hula yana kaɗawa, kamar za a gan shi daga can. "Juyo, ɗan nan!"

Fiffiken hagu ya ɗan sunkuya. Kowa ya gani. Sannan ya miƙe, hancin jirgi ya yi ƙasa, ya nufi gaba.

Tsoho ya damƙi rigar Kyaftin. "Ga rediyo a hannunka. Ka ce masa ya juyo."

"A'a."

"Ɗana ne."

"Na sani. Sake ni in gani."

Bai danna rediyon ba. Daga baya an tambaye shi dalili, ya ce mai hannu biyu a kan aiki ba ya bukatar na uku a kunnensa. Abin da zai gaya masa ya gama gaya masa tun a ƙasa. Jirgi ya yi ta raguwa ba ƙara, ya ɗan karkata dama, ya ɓace bayan itatuwa. Uwar ta zauna a ƙasa da kwalliyarta. Ba hayaƙi, ba ƙara, ba komai.

A motar makaranta suka tafi, Kyaftin na tuƙi, tsoho a gefe. Ko a wannan hali sai da tsoho ya lura mutumin ba ya sauya giya a kan lokaci. Amma bai tambayi kowa hanya ba. Ya bi ta bayan rijiya, ya ratsa tsakanin shinge biyu, ya fito daidai bakin gonar.

Jirgi na tsakiyar gona, hanci a cikin ƙasa, ƙafar gaba ta karye, wutsiya a sama. Ƙofa a buɗe, domin auta ya zare sakatarta tun kafin ya taɓa ƙasa, ya rufe mai, ya kashe makunni, yadda aka koya masa. Yana tsaye nesa da jirgin, leɓe a fashe. Mai gonar na gefensa riƙe da fartanya.

Tsoho ya diro, ya buɗe hannuwa. Auta ya taho da sauri, ya wuce shi da taku biyu, ya tsaya gaban Kyaftin.

"Kyaftin, ban juya ba."

"Na gani. Je ka gai da mahaifinka."

Sai da aka ce masa. Wannan ne tsoho bai manta ba. Ɗan ya rungume shi, ya yi kuka a kafaɗarsa, amma sai da aka ce masa.

Mai gonar ya ba da nasa labarin a wurin, ba wanda ya tambaye shi. Ya nuna wani dogon tabo a ƙasa, inda tayoyin jirgin suka bi suka wuce. Ya ce kwanakin baya kwalbati ya haƙa a nan don jan ruwa, zurfinsa har ƙugu. Kyaftin ya yi ta zuwa masa kowace safiya, ba faɗa, ba barazana, gaisuwa kawai da roƙo, har ya gaji ya yarda a mayar da shi gefen gona. "Shi ya zo da shebur ɗinsa," in ji shi. "Na ce wannan tsoho ba shi da aikin yi. Ashe aikin ke nan."

Makanikai sun buɗe injin, suka ce wani bawul ne ya maƙale, ba laifin kowa ba. Tsoho ya so a ce laifin wani ne. Bai samu ba.

Bayan kwana biyu auta ya same shi a tsakar gida, yana goge madubin gingimari.

"Baba, na ji muryarka a can."

Tsoho bai waiwayo ba, amma hannunsa ya tsaya.

"Da injin ya dawo, na ji kana cewa juyo. Har na fara kwantar da shi hagu. Sai na ji bakina yana faɗin abin da na faɗa a bakin titi. Na mayar."

"Da ka bi tawa fa?"

Auta ya kawar da kai.

"Tambayarka nake."

"Da ban kai ba, Baba."

Tsoho ya ci gaba da goge madubin da ba shi da datti. Da daddare bai ci abinci ba, da safe ma haka. Uwar gida ta tsaya a kansa da kwano.

"Baban yara, kishi kake da mutumin da ya dawo maka da ɗa?"

"Ya dawo da shi. Wa ya dawo wa da shi?"

"To da ka fi son mai jin maganarka a cikin ƙasa, ko mai jin ta wani a tsakar gida?"

"Ke dai ajiye kwanon."

Yanzu bari a juyo gare ka, Kyaftin, tunda kai ba ka yarda a juya ba.

Kai ne ka shiga gidajen mutane ba ka taka ƙofa ba. Kai ne ake ambata a kan abincin da wani ya nema. Mu muka haifa, muka yi jinya, muka sayi takalmi, kai ka zo da jimloli uku ka zauna a inda muryarmu take zama. Wannan da ciwo, kuma ba za a ɓoye maka ba. Amma kai ne kuma ka taka laka shekara da shekaru saboda minti ɗaya da wataƙila ba zai zo ba. Ba a biya ka don tafiyar nan ba, ba a rubuta ta cikin aikinka ba, abokan aikinka dariya suke yi. Waɗanda ka koyar suna can suna tuƙa manyan jirage, suna sa riga mai igiya a kafaɗa, ana yi musu tafi in sun sauka. Akwai wata cikinsu da ta zo hutu, ta ce har yau kafin ta tashi leɓenta na motsi da kalmominka, mataimakinta na zaton addu'a take yi. Kai kuwa kana nan da ƙaramin jirgi mai kujera biyu da takalmin roba. Hanci-ƙasa, mai sanin gonar da ba tasa ba. Ba ka taɓa fitowa a jarida ba, domin wanda ya hana a mutu ba shi da hoto.

Mun gode. Godiyar da ɗaci a bakin wasunmu, amma godiya ce. Masu koyar da kowace sana'a, ku dubi mutumin nan. Ku koya wa na ƙasa da ku abin da zai yi ranar da ba kwa kusa, ku maimaita masa har ya gundure ku, ku je da ƙafarku ku ga inda zai faɗi. Iyaye kuma, in ɗanku ya samu irin wannan malami, ku haɗiye abin da za ku haɗiye.

Tsohon direba dai bai gama haɗiyewa ba. Da ya ji makarantar na son auta ya zama malami, ya gaji kujerar Kyaftin da gonakinsa, sai ya yi abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Makon jiya ya yi sammako, ya tsaya a ƙaramar ƙofar shinge yana jira. Kyaftin ya iso da takalmin roba, ya dubi ƙafar tsoho.

"Direba, takalminka zai lalace."

"Nawa ne."

Suka shiga gonaki. Kyaftin na gaba, yana zungurar ƙasa da sanda. Tsoho na biye, yana haki, bai yarda a ji ba. Sun wuce rijiya, sun wuce gonar da jirgin ya sauka, shuka har ta rufe tabon. Can tsoho ya tsaya.

"Malam, ban zo yawo ba."

"Na sani."

"Na gode da abin da ka yi. Na faɗa, ba zan sake faɗa ba."

"Ya isa. Kunnen ma naka ne. Ya ce mini ya ji injin tun kafin ya yi tari, har ya fara sassauta hanci. Ni ban iya koyar da wannan ba."

"Ban zo karɓar sadaka ba." Tsoho ya gyara hula. "Mota na nan a gida, lafiyarta lau. In ta mutu, a ƙasa za ta mutu, ya sauka ya buɗe bonet. Uwarsa ba ta barci in ta ji ƙarar jirgi. Ni na yi magana, an yi mini murmushi. Kai in ka yi, sunkuyar da kai ake yi. Ka ci, na yarda. Tunda za ka tafi, ka bar mini shi. Ka ce masa ya sauka, ya bar jirgi."

Kyaftin ya sunkuya. Ya ciro wani guntun waya da ya maƙale a ciyawa, ya naɗe, ya sa aljihu. Daga bayansu aka tayar da injin farko na ranar, su biyun suka karkata kunne ba su sani ba.

"Roƙonka nake," in ji tsoho. Kalmar ta fito kamar an ciro ta da filaya.

Kyaftin ya dube shi ido cikin ido.

"Ba zan ce masa ba."